Amfilifaya na ɗauke wuta da zarar bes ya buga, ina matsalar take?

Mai Jar Mota:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman taimakon masana. Ina da amfilifaya mai layi biyu a but ɗin motata, tana tura wufa ɗaya, wato babbar sifikar bes, mai inci 12. Idan sauti na ƙasa-ƙasa, lafiya lau. Amma da na ɗan ƙara murya bes ya buga da ƙarfi, sai koriyar wutar jikinta ta koma ja, wufa ta yi tsit. Jim kaɗan ta dawo da kanta, can kuma ta sake ɗaukewa. Da daddare har fitilun gaba nake gani suna lumshewa tare da kiɗan. Wanda ya haɗa min ya ce amfilifayar ce ta gaji, in kawo sabuwa. Na ce kafin in zuba kuɗi bari in ji ta bakinku.

Sarkin Ƙara:
Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, tunda ka ce fitilu na lumshewa ai magana ta ƙare. Kafasita kake buƙata, na'urar nan mai ajiye wuta. Sa babba guda ɗaya kusa da amfilifayar ka huta.

Baba Rewaya:
Sarkin Ƙara, yi a hankali, ba a gwada komai ba tukuna har ka rubuta magani. Mai Jar Mota, kada ka sayi ko wayar taku ɗaya yanzu. Jar wutar nan ba alamar mutuwa ba ce. Amfilifayar ce ke kare kanta, kuma abin da ke sa ta yin haka bai wuce huɗu ba: wutar da ke shigo mata ta yi ƙasa, ko ta yi zafi fiye da kima, ko wayoyin sifika sun haɗu ko nauyin da aka ɗora mata ya fi ƙarfinta, ko kuma wani abu ya ƙone a cikinta. Wadda ta ƙone a ciki yawanci tun daga kunnawa take nuna ja, ba ta jiran bes, kuma ba ta dawowa da kanta. Taka tana aiki har sai an matsa mata. Wannan ya sa nake zargin waje, ba ciki ba.

Kana da mita? In babu ka aro. Sa ta a ma'aunin volt na wutar batir. Ka auna kan batir mota a kashe, ka auna bayan ka tayar, sannan ka je but ka ɗora a kan sukurorin wuta biyu na jikin amfilifayar kanta, wani ya ƙara maka murya har ta ɗauke, kai kuma idonka na kan mitar. Ka kawo mana lambobin.

Ɗan Lantarki:
Ƙari a kan maganar Baba: batir mai lafiya da ya huta yana ba da kusan volt 12.6, idan inji na aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.4. Yawancin amfilifayoyi suna kashe kansu idan wuta ta sauko wajen volt 10 zuwa 10.5.

Mai Jar Mota:
Na gode Baba. Ga abin da na samu. Mota a kashe, batir 12.5. A kunne, 14.1. A jikin amfilifaya ba kiɗa, 14.0. Da bes ya fara bugawa sai ta riƙa sauka har na ga 10.3, nan take ta ɗauke. Na koma kan batir aka sake ƙara murya, shi bai sauka ƙasa da 13.4 ba.

Baba Rewaya:
Madalla, yanzu ka yi magana. Batir na riƙe da 13.4, amfilifaya na ganin 10.3. Volt uku sun ɓace a hanya tsakanin gaban mota da but. Batirinka da altanetarka ba su da laifi a wannan. Saura mu gano ko a jar waya suke zubewa ko a wayar at, wato baƙar da aka ɗaure a ƙarfen jikin mota. Ina aka ɗaure ta?

Mai Jar Mota:
A ƙarƙashin kusar da ta riƙe kujerar baya. Amma Baba na gwada ta, na sa mita a wurin da take yin ƙara, na taɓa wayar da ƙarfen mota, ta yi ƙara. Ke nan a haɗe take.

Ɗan Lantarki:
Wannan ƙarar ita ke yaudarar mutane da yawa. Mita tana tura wuta 'yar mitsitsiya ce ta gwada, ko silin waya ɗaya ne ya rage a haɗe za ta yi kuka. Yi lissafi da kanka: a ce mahaɗar tana da turjiyar om 0.05 kacal, wadda ƙaramar mita ba za ta ma iya nuna maka ba. Idan amfilifaya ta ja amfiya 40 lokacin bugun bes, 40 sau 0.05 ya ba ka volt 2. Ga su nan sun tafi, sun koma zafi a kan kusar. Shi ya sa ba a gwada wayar wuta sai tana ɗauke da kaya. Samo doguwar waya siririya, ka maƙala a negatif na batir, ka jawo ta but. Ƙafar mita ɗaya a kanta, ɗaya a sukurun at na amfilifaya, a kunna kiɗa. Duk abin da ka gani, asarar da kake yi ke nan a wannan ɓangaren. Ka maimaita da fositif na batir da sukurun jar waya.

Mai Jar Mota:
Ikon Allah. Ɓangaren at yana kaiwa 2.2. Ɓangaren jar waya 0.8.

Baba Rewaya:
Ka ga ɓarawon. Kusar kujera ba wurin at ba ce. Akwai fenti a ƙarƙashinta, zarenta sau da yawa da maganin hana kwancewa, ga tsatsa. Nemi ƙarfe mai kauri na gangar motar kusa da amfilifayar, ka kankare fenti da sanfefa har ya yi fari yana ƙyalli, ka sa kan waya mai zobe da aka matse da kyau, ka ɗaure da kusa da noti. Wayar kada ta wuce kamu ɗaya, wajen santimita 45, kuma kaurinta ya zama daidai da na jar. Kafin ka huda ko'ina ka leƙa ƙasa, tankin mai da bututun birki suna nan wajen. Bayan ka ɗaure ka shafa giris ko fenti a kai saboda tsatsa. Kuma cire negatif na batir kafin ka taɓa komai.

Shi ma 0.8 na jar waya ya yi yawa a idona. Duba gidan fis na kusa da batir, sukurorinsa kan saki, wani lokaci har robar ta narke. Sannan ka fere bakin wayar ka ga launinta.

Sarkin Ƙara:
To ni dai har yanzu ina kan bakana. Ko ya gyara at, kafasita za ta taimaka wa fitilun nan.

Ɗan Lantarki:
Yaya Sarki, kafasita ba ta ƙirƙirar wuta, ajiya take yi, ajiyar ma 'yar kaɗan. Mai girman farad ɗaya, idan aka ja mata amfiya 40, volt ɗaya take saukewa cikin kashi ɗaya bisa arba'in na daƙiƙa. Dogon bes guda ya kwashe ta, daga nan ita ma ta shiga layin masu jiran altaneta ta cika su. Tana iya rage ƙiftawar fitila a bugu gajere, ban musa ba. Amma da ya bi shawararka, da a kan kusar kujerar nan za a ɗaure ƙafarta, volt biyun suna nan suna zuba.

Sarkin Ƙara:
A motata ta yi aiki.

Baba Rewaya:
Wataƙila ranar da aka sa maka ita aka sake ɗaure wayoyin, ka ba kafasita ladan sifana. In fitilu sun ci gaba da lumshewa bayan an gyara mahaɗa, abin da nake fara yi shi ne ƙara kaurin wayoyi uku na gaban mota: daga altaneta zuwa fositif na batir, daga negatif zuwa gangar mota, daga inji zuwa gangar mota. In hakan bai isa ba, to altanetar ce ta yi wa kayan kaɗan.

Anti Direba:
Sallama. Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda masana na kusa. Ni tawa ba ta ɗaukewa, wani siririn kuka take yi kamar fito, in na taka totur ya ƙaru, in na saki ya sauko. In inji a kashe yake babu shi sam.

Mai Gyaran Rediyo:
Anti, kukan altaneta ke nan, tunda yana bin juyin inji. Yawanci yana shiga ne idan rediyon gaba da amfilifayar baya ba su daidaita a at ba, sai wuta ta riƙa neman hanya ta cikin wayar RCA, waccan mai kai ja da fari. A kashe komai, a zare RCA daga amfilifaya, a tayar da mota. In kukan na nan, matsalar a ɓangaren amfilifaya take, at ɗinta za a fara dubawa. In ya tafi, to daga gaba yake zuwa. Sai a samo wata RCA a shimfiɗa ta kan kujeru kawai, daga rediyo zuwa but, ba tare da an binne ta ba. In shiru, tsohuwar ce ta lalace ko ta bi ta kusa da abin da ke sa mata hayaniya. In da sabuwar ma yana yi, rediyon ne.

Abu ɗaya da nake yawan gani a teburina: wasu rediyoyi suna da ɗan fis ƙarami ƙwarai a ciki, a kan layin at na RCA. Idan aka zare ko aka soka RCA alhali komai na kunne, ko at na amfilifaya ya saki, sai ya ƙone, kukan ya shigo da ƙarfi. Gwajinsa da sauƙi: ɗauki 'yar waya ki taɓa zoben waje na RCA da ƙarfen jikin rediyon. In kukan ya mutu nan take, an kama shi.

Anti Direba:
Wani ya ce in sayi 'yar na'urar nan da ake sa wa a tsakanin RCA ta kashe kukan.

Mai Gyaran Rediyo:
Tana kashewa sau da yawa, amma rufe matsalar take yi, kuma marasa kyan cikinsu suna cinye bes na can ƙasa. Ki bar ta ta zama zaɓin ƙarshe.

Mai Jar Mota:
Na dawo da rahoto. An canza wurin at kamar yadda Baba ya ce. Gidan fis ma sukurunsa ɗaya a sake yake. Wayar kuma da na fere, bakinta fari ne, jan a sama kawai yake. Yanzu a jikin amfilifaya ba ta sauka ƙasa da 13. Bes ya ƙara nauyi sosai. Sai dai ba a rabu da Bukar ba: yanzu takan yi kiɗa na ɗan lokaci lafiya, sannan ta ɗauke, kuma in na taɓa jikinta ba na iya barin hannuna a kai. Sai ta huce take dawowa.

Ɗan Lantarki:
Farar wayar nan alminiyon ce aka yi wa rufin tagulla. Alminiyon na ɗaukar kusan kashi 61 cikin 100 na abin da tagulla mai kauri ɗaya ke ɗauka, ga saurin cin tsatsa a mahaɗa. In ka samu hali ka canza ta da tagulla zalla. Amma ba ita ke kawo zafin nan ba.

Baba Rewaya:
Matsala biyu ce dama, ta farko ta ɓoye ta biyu. A da ba ta samun wutar da za ta yi zafi ma. Faɗa min, wayoyin wufa a ina suke a jikin amfilifaya? Sannan ciro wufar daga akwati ka ƙirga wuraren sa waya a bayanta.

Mai Jar Mota:
Ɗaya a fositif na layin hagu, ɗaya a negatif na layin dama. A bayan wufa kuma wurare huɗu ne, biyu kowane gefe. An haɗa ja da ja, baƙi da baƙi. An rubuta om 4 + om 4. Na zare wayoyin na auna da mita, ta ba ni 1.8.

Baba Rewaya:
Shi ke nan. Wufarka mai kwail biyu ce, wato naɗin wayar da ke motsa farantinta, kowanne om 4. Da aka haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma om 2, shi ya sa mita ta nuna 1.8, don kullum tana nuna ƙasa kaɗan da abin da aka rubuta. Amfilifayar kuma an yi mata gada, an haɗe layi biyu sun zama ɗaya. A haɗin gada kowane layi rabin nauyin yake gani. Om 2 ɗinka, kowane layi om 1 yake ji. Duba takardarta ko jikinta, na tabbata za ka ga an ce a gada kada a sauka ƙasa da om 4. Kana ɗora wa jaki kayan raƙumi, dole ya durƙusa. Ka gode Allah tana da mai kare ta, da tuni taransistocinta sun tafi.

Mai Jar Mota:
Haka aka rubuta kuwa, om 4 a gada. Amma a kwalinta an sa wat 3000, na ɗauka ba abin da zai gagare ta.

Ɗan Lantarki:
Fis nawa ne a jikinta?

Mai Jar Mota:
Ɗaya, mai lamba 30.

Ɗan Lantarki:
Amfiya 30 sau volt 14.4 ya kama wat 432. Iyakar abin da zai iya shiga cikinta a jere ke nan kafin fis ya ƙone. Irin wannan amfilifaya ajin AB kuma kusan rabi zuwa kashi 60 take mayarwa sauti, saura zafi ne. Ka ga abin da za ta bayar na gaskiya bai fi wat 260 ba. Lambar kwali ta talla ce. Nemi inda aka rubuta RMS, shi ne ƙarfin da take iya bayarwa a jere.

Mai Jar Mota:
Na gani a takardar: wat 75 sau biyu a om 4, wat 240 a gada a om 4. To yanzu mene ne mafita? In cire kwail ɗaya in bar ɗaya, tunda shi om 4 ne?

Mai Gyaran Rediyo:
A'a. Kwail ɗaya zai ɗauki zafin da aka tsara biyu su raba, kuma halin wufar a cikin akwatin zai canza. Ka jera su: baƙin kwail na farko ya shiga jan na biyu, sauran ja da baƙin su tafi amfilifaya. Ya zama om 8, a gada kowane layi na ganin om 4, za ta yi aiki cikin sanyi. Za ka samu wajen wat 150.

Sarkin Ƙara:
Wat 150 a wufa mai inci 12? Wannan ai kashe ta za ka yi. Kowa ya san ƙaramar amfilifaya ta fi babba ƙona sifika. Ka nemi mono, wato mai layi ɗaya, ajin D mai ɗaukar om 2, ka bar haɗin yadda yake.

Mai Gyaran Rediyo:
Shawararka ta biyu daidai ce, mono mai ɗaukar om 2 ita ce ta dace da wannan wufa, kuma ajin D ba ya ɓarnar wuta sosai, yakan haura kashi 80. Amma ta farkon ban yarda ba. Da ƙarancin wuta na ƙona sifika, da duk wanda ya rage murya ya ƙona tasa. Abin da ke faruwa shi ne mai ƙaramar amfilifaya ba ya ƙoshi, sai ya murɗe gein, maɓallin nan na jikin amfilifaya, har ƙarshe, ya ƙara bes a rediyo, ya ƙara na jikin amfilifaya. Ita kuma ta kai iyakarta, sai ta riƙa yanke kan igiyar sautin. Sautin da aka yanke sosai yana iya kai ninki biyu na wutar da mai tsabta ke kaiwa, farantin wufa bai ƙara motsin da zai shigo da iska ba, kwail ya gasu. Hannun mai murɗawa ne ya ƙona ta.

Sarkin Ƙara:
To ai duk ɗaya ne, a ƙarshe dai ta ƙone.

Mai Gyaran Rediyo:
Ba ɗaya ba ne, don maganin ya bambanta. A naka sai an sayi kaya, a nawa sukundireba ya isa.

Ɗan Lantarki:
Kuma ragin bai kai yadda ake tsoro ba. Rabin wuta desibel 3 ne kawai a ma'aunin ƙarfin sauti, kunne na jin sa a matsayin ɗan taki ɗaya. Sai an kai wajen desibel 10 mutum ke cewa ƙara ta ninka.

Ga yadda za ka saita gein da mitar da ke hannunka. Gein ba maɓallin ƙara murya ba ne, daidaita amfilifaya yake yi da ƙarfin siginar rediyo. Ninka wat da om, ka nemo tushen murabba'insa: 150 sau 8 ya ba da 1200, tushensa 34.6. Zare wayoyin wufa. Kashe duk wani ƙarin bes, na rediyo da na amfilifaya. Mayar da gein ƙasa. Tayar da mota, kunna sautin gwaji na haz 50, kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu. Sa mita a volt na AC a kan inda wayoyin wufa ke fita, ka riƙa murɗa gein a hankali har ta nuna 34, ka tsaya. Daga ranar, wannan matakin muryar shi ne iyakarka. Ka tuna kowane desibel 3 na ƙarin bes ninka wuta yake nema, desibel 6 ninki huɗu. Matatar da ke tare sautin sama kuma ka ajiye ta wajen haz 80.

Baba Rewaya:
Tunda wufar na waje, duba lafiyarta kafin ka mayar. Buɗe yatsunka kewaye da tsakiyar farantin ka danna a hankali, daidai wa daida. In ka ji tana karta ko tana gogawa, kwail ya soma lalacewa. Sunsuna ta, ƙonannen kwail ba ya ɓoye warinsa. Auna kowane kwail shi kaɗai, su ba ka wajen 3.2 zuwa 3.6, kuma su yi kusa da juna. Bayan ka jera su, taɓa wayoyin da ƙaramin batir na volt 1.5, fositif a ja: farantin ya turo waje. In bai motsa ba, ka juya kwail ɗaya, suna ja-in-ja da juna. Sannan amfilifayar kada ta kwanta ƙarƙashin kafet ko kaya, tana son iska.

Sabon Shiga:
Baba a taimaka min ni ma. Tawa in ina jin tashar rediyo tana aiki, da na koma filashi ko Bluetooth sai ta mutu gaba ɗaya, ko wuta ba ta nunawa.

Baba Rewaya:
Yaro, an ɗaura maka rimot, wato siririyar wayar da ke kunna amfilifaya, a wayar eriya. A bayan rediyo akwai shuɗiya zalla, akwai shuɗiya mai farin layi. Zallar ta eriya ce, a rediyoyi da yawa sai ana kan tasha take ba da wuta. Mayar da shi kan mai farin layin.

Sabon Shiga:
Allah ya ƙara girma. Wani abokina kuma tasa fis take ƙonawa da an sa, ko kunnawa ba a yi ba. Ya ce zai sa mai lamba 60 a madadin 30.

Mai Gyaran Rediyo:
Hana shi. Fis da ke ƙonewa nan take yana nufin wuta ta samu gajeriyar hanya. In na kusa da batir ne, ya zare jar wayar daga amfilifaya ya naɗe bakinta, ya sa sabo. In ya sake ƙonewa, wayar ta goge ta taɓa ƙarfe a wani wuri, galibi inda ta ratsa bangon da ke tsakanin inji da cikin mota. In na jikin amfilifayar ne, alhali an zare sifika da RCA, to taransistocin ciki sun haɗe, ko an taɓa juya mata fositif da negatif. Wannan sai an buɗe. Babban fis ba zai gyara komai ba, wayar ce za ta koma fis, kuma a ƙarƙashin kafet take.

Mai Jar Mota:
Alhamdulillah. Kwail biyun sun ba ni 3.4 da 3.5, ba karta. Na jera su, mita ta nuna 6.9. Gein ɗin da na tarar a ƙarshe yake, ƙarin bes ma a ƙarshe. Na saita a 34. Na yi doguwar tafiya da kiɗa, ba ta ɗauke ba, jikinta ɗumi kawai. Gaskiya bugun bai kai na da ƙarfi ba, amma ya fi fita tsaf. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Sarkin Ƙara:
Za ka dawo neman mono, ina nan.

Mai Jar Mota:
Ba mamaki. In na tashi saye, wayar nan tawa za ta ɗauki mai wat 500?

Ɗan Lantarki:
Wat 500 a ajin D zai ja wajen amfiya 45. Farar wayarka ba za ta yi ba. Ka nemi tagulla zalla mai kauri lamba 4, fis na amfiya 60 kusa da batir, tazararsa kada ta wuce santimita 45. Kafin nan kuma ka duba RMS na wufar kanta, ka turo mana mu gani ko za ta iya shan 500 ɗin.

Anti Direba:
Mai Gyaran Rediyo, an zare RCA kukan ya tafi, an shimfiɗa sabuwa ya dawo. Da aka taɓa zoben da jikin rediyo ya yi shiru. Sai in kai a buɗe rediyon ke nan?

Mai Gyaran Rediyo:
Eh Anti, shi ne daidai, a canza ɗan fis ɗin. Kafin nan za a iya ɗaure siririyar waya daga zoben RCA zuwa sukurun jikin rediyo, za ta riƙe ki. Amma a duba at na amfilifayarki tukuna, don in shi ya ƙona na farko, zai ƙona sabon ma.